Bushiya a Hannun Taubashi

Salamu alaikum 'yan zauren nan. Wadda ta shigo yau don ta sha kalaman zuma gara ta juya tun daga bakin ƙofa, domin barkono na daka. Sunana Ummusalma, a Birnin Ƙwanni aka yanke min cibiya, kuma ina buga muku wannan ne cike da haushi. Sai na amayar da shi zan samu sauƙi.

Tun da na gama lakwal, wato makarantar boko, nake aiki a wani sibar da ke bayan tashar mota. Ɗaki ne ɗan ƙarami, 'yan ordinatar, wato kwamfutoci, a jere, da fanka ɗaya mai kuka kamar za ta faɗo. Ina buga wa mutane takardu, ina buɗe wa 'yan kasuwa imel, ina haƙuri da samarin da ke zuwa kallon hotunan 'yan ƙwallo. In wuri ya yi shiru, kuran ɗin lantarki kuma bai ɗauke ba, sai in ja kujerata in shiga daji.

Kada ku ce na zautu. Dajin Ba Sarki sunan wani zaure ne da muka buɗe a intanet, mu 'yan tsakanin Ƙwanni da Malbaza da Illela, da wasu daga Sakkwato da Yamai. Kowa ya ɗauki dabba ɗaya ko wata halitta ya zama ita, ya rubuta abin da ta yi da abin da ta faɗa, ya aika, saƙon ya faɗa akwatin kowa, wani ya ɗora daga inda ya tsaya. Dokokinmu ba su da yawa. Ba a maimaita dabba, ba ka sa magana a bakin dabbar wani, kuma abin da ya shiga daji ya shiga ke nan, ba a gogewa. Zaki kuwa tun farko muka hana shi, don mun san da zarar ya shigo kowa zai koma bafade.

Da za ku ga dajin nan lokacin da yake daji! Ƙawata Jummai, malamar asibiti ce a Illela, ita ce Jemage ungozoma, mai karɓar haihuwa kanta a ƙasa ƙafafu a sama. Ɗayyabu, wani ma'aikacin siminti a Malbaza, shi ne tsohon Jaki da ya gaji da dako ya zama alƙali, kuma bai taɓa yanke hukunci ba sai ya yi kuka sau uku. Akwai Hawainiya 'yar canji da ke zama a bakin iyaka, in ta ga mai naira ta koma kore, in ta ga mai sefa ta koma shuɗi. Akwai Kada mai shayi. Akwai Aljana mai tsoron duhu, wadda kullum sai ta roƙi Mujiya ta raka ta bayan gida. Akwai Raƙumin wani ɗan Buzu da ba ya magana sai cikin waƙa, ko gishiri zai tambaya. Ba wanda ya yi kama da wani, kuma daɗin abin ke nan.

Ni ce Bushiya. Ƙarama ce, mai baƙin taurin kai, wadda wata rana ta ji Shamuwa na labarin wani ruwa da ba a ganin ƙarshensa, ta ce sai ta je ta gani da idonta. Shekara biyu ke nan tana tafiya. Ta tsallake titin kamiyoyi, manyan motocin kayan nan, ta kwana cikin buhun albasa, ta yi wa Kurege wanki don ya nuna mata hanya ya gudu da zanenta. Ni ban taɓa ganin teku ba, ruwan da ya fi girma da na sani shi ne tafkin da ke cika bayan gari da damina. To amma na yi ta gina nawa tekun a cikin kaina, ina wanke-wanke ina gyara shi, ina kan kabu-kabu ina canza masa launi. Saura tudu ɗaya Bushiya ta hau ta leƙa. Na ce ba zan rubuta wannan gaɓar ba sai ranar da na ji ta nuna sosai.

Yanzu bari in kawo muku mai gayya mai aiki. Hakim ɗan Gwaggo A'i ne, ƙanwar Baba, wato taubashina. Dogo ne mai wushirya, yana tuƙa kamiyon mahaifinsa, yau ya ɗauki siminti a Malbaza, gobe ka ji shi Kwatano ɗauko kaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. Ba wanda ya ɗaura min shi a wuya, shi ya ce yana so, ni kuma na sunkuyar da kai ina murmushi kamar sakarya. Abu ɗaya ya hana in bari a sa rana, tambaya ce da na yi ta yi masa: in mun yi aure, zan ci gaba da zuwa sibar? Duk lokacin da na tambaya sai ya kwashe da dariya ya ce, "Ke da ke baiwata, ke ka tambayar ubangidanki?" Sai in rama in ce masa bawan Baba, mu yi dariya, maganar ta bi ruwa.

A gida kuwa an sa ni a gaba. Inna kullum cikin lissafo min ƙawayena da suka yi aure take, har da waɗanda suka fito. Gwaggo A'i ba ta aiko da saƙon baki, sai dai turaren wuta da humra, wai in fara koyon amfani da su. Baba shi ba ya cewa komai, yana kishingiɗe da rediyonsa, amma in an ambaci Hakim sai ka ga ya rage muryar rediyon.

Da daminar bara zazzaɓi ya kwantar da ni, ga shi kuma layina ne a daji, kowa na jiran Bushiya. Hakim yana Kwatano a lokacin. Ya kira ni ya ji muryata, ya ce in ba shi kod, wato lambar sirrin akwatina, zai shiga sibar a can in yi ta faɗa masa ta tarho yana bugawa. Haka aka yi. Ya ƙone katinsa kaf a kaina, yana tambayata, "Tsaya, ƙaya da ƙa mai ƙugiya ta?" Ranar na ce a raina, mutumin da zai zauna ya buga maganar bushiya don kawai in ji daɗi, ai ya isa miji.

Sai ga watan cika-ciki. Ku da kuka tashi a manyan birane wataƙila kun manta, amma a danginmu ranar cika-ciki ta taubasai ce. Taubashi zai iya warce maka hula ko takalmi ko ɗankwali ya ce sharar bana ce, sai ka bi shi kana roƙo ka fanshi kayanka da goro ko 'yan canji. Kuma babban abin kunya ne ka ɓata rai. Tun muna yara Hakim ya ƙware a wannan, har tukunyar Inna ya taɓa saukewa daga murhu ya gudu da ita.

Na tashi ranar da shirina. Na sa atamfata mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, na ɗaure ɗankwali tam har da fil, na sa tsofaffin silifas don ko ya ɗauke ba asara. Inna ta fito da wutsiyar ragon layya da ta adana, gida ya ɗauki ƙamshin daddawa da kimba. Na leƙa sibar da hantsi don in ga ko Mujiya ta biya Kada bashin shayinsa. Na buga kod, akwati ya ƙi buɗewa. Na sake bugawa a hankali, ya ƙi. Ina cikin zargin na'urar sai tarhona ya yi ƙara a cikin jaka.

"Slm baiwata. Bana ba ni son ɗankwali. Na kama bushiyarki, na canza makulli. Hwansa: ki ba Kawu rana. Ba ni amsar goro. Hahaha."

Wallahi da farko murmushi na yi. Na ce kai, ɗan banzan nan ya iya shiri. Ina shirin mayar masa da baƙar magana sai ga kiran Jummai daga Illela, tana guɗa tun kafin in ce alo.

"Ayyururui! Amarya! Ashe haka kinka iya ɓoye magana? Ta bakin Bushiya za mu ji?"

"Ji mi?"

"Ke dai bari! Wanga rubutu naki na yau ya hi duk na baya. Gajere, ba ja-in-ja. Daji duk ya ɗauka."

Na ce ta turo min shi ta akwatin sibar. Ga abin da ya fita da sunana, ya shiga akwatin kowa tun da sassafe, ban ƙara ko wasali ba:

"Bushiya ta hau tudu ta ga teku. Ashe ruwa ne kawai mai yawa, yana ƙarni kamar kasuwar kifi, baƙaƙen leda na yawo a bakinsa, ga manyan jirage sun yi layi suna jiran a sauke kaya. Ta ce, ashe wahalar banza na sha. Tana juyowa sai ga Zaki. Ta durƙusa ta ce, ranka ya daɗe, na gaji da yawo. Zaki ya sa aka cire mata ƙayoyin nan ɗai-ɗai don kada ta soki mai gida, aka kai ta ɗaki. Daji ya yi sarki."

Na karanta, na sake karantawa. Shekara biyu! Shekara biyu ina lallaɓa 'yar dabbar nan a cikin rana da ruwa, wani ya zo ya kai ta a layi shida ya tuɓe ta ya rufe a ɗaki. Kuma ya yi da bakina. Bushiyar da ta zagi Kura ido da ido, ita ce wai ta durƙusa tana ranka ya daɗe.

Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne amsoshin da ke ƙasa. Duk sun ɗauka ni ce nake sanar da aurena cikin dabara, kowa ya zo taya murna. Jakin Ɗayyabu ya ajiye alƙalanci ya ce shi ne sarkin dogarai. Hawainiya ta ce daga yau launin Zaki kaɗai za ta riƙa ɗauka. Raƙumi ya koma maroƙin fada, Kada ya zama mai shayin sarki, Aljana ma wai ta daina tsoron duhu tunda an samu mai tsaron gari. Kafin azahar dajin da muka yi shekaru muna ƙawatawa ya koma fada, kowa na faɗin abu ɗaya da murya ɗaya. Ba wanda ya tsaya ya ce, anya wannan bakin Ummu ne?

Na sake kiran Jummai na ce mata ba ni ba ce, Hakim ne ya shiga da kod ɗina. Na ce a raina yauwa, yanzu za ta taya ni zagi. Sai na ji ta fashe da dariya.

"Taubashin naki? Yau cika-ciki? Kai, wanga yaro ya iya kamu! To ai sai haƙuri, Ummu, ba a hushi da taubashi."

"Jummai, ya kashe mani labari."

"Ki ce mafarki Bushiya ta yi mana."

Na kashe tarhon. Mafarkin me? Magana zarar bunu ce, kuma doka mu muka kafa ta da hannunmu. Ko an yafe min dokar, kowa ya riga ya ga tekun, gani na farko kuma ba a yin sa sau biyu. Abin da ya fi ci min rai, na rufe ido a wurin don in nemo nawa tekun, wanda na yi ta gyarawa, sai baƙaƙen leda nake gani suna yawo. Har cikin kaina ya shiga ya zubar min da shara. Na kifa kai a kan tebur na yi kuka, kukan haushi, wanda ba ya rage komai.

Da na koma gida Inna na tsakar gida tana kwashe tuwo. Kallo ɗaya ta yi min ta ajiye mara.

"Mi as same ki kike huci kamar kububuwa?"

Na faɗa mata, tun daga daji har zuwa ƙayoyi. Ta saurara baki buɗe, sannan ta tafa hannu.

"Yau na ji ikon Allah. Bushiyar cikin telbijin kika yi ma kuka? Ta nama ta ko ta roba?"

"Inna, rubutuna na."

"To ki sake wani. Ke jiya mani nan, Gwaggonki na tahe da la'asar, shi ya gaya mata kin kusa ba da rana. Ki wanke hwuskar ga ki yi dariya. Tun kakanninmu ba a taɓa barin kaya hannun taubashi ba, wanda ya ƙi hwansa ya ce ba shi son zumuncin ke nan. Kada ki ja mani magana cikin dangin ubanki."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Aka kawo min tuwon cika-ciki, ranar da ake cewa kowa ya ci ya ƙoshi, ni ko loma ɗaya ban ci ba. Tarho ya yi ta haske a kan matashi. "Kin gani? Na hi ki iya labari." Can kuma, "Baiwata ta yi hushi?" Sai ya bugo ya katse, bip, sai wani bip ɗin. Ban taɓa shi ba.

Bayan la'asar suka iso. Gwaggo A'i ta sha leshi ruwan zuma da mayafi mai duwatsu, ƙamshinta ya riga ta shigowa, tana riƙe da ƙwaryar goro an rufe da faifai. Hakim na bayanta cikin farar shadda sai ƙyalli take, hula a karkace, wushiryar nan a waje. Aka shimfiɗa babbar tabarma a ƙarƙashin rumfa, Baba ya fito ya kashe rediyo, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana. Gwaggo ta ɗaga faifan ta tura ƙwaryar tsakiya, goro fari da ja sun sha ruwa. Na fito da atamfar da na yini da ita, ban ko shafa hoda ba, na gaishe su na zauna a gefe.

"Ina baiwar tamu?" in ji Gwaggo tana dariya. "An ce bana kamun ya yi tsada."

Kowa ya yi dariya, har Baba. Ni na dubi Hakim.

"Don mi ka yi mani haka?"

"Haba Ummu, wasa na hwa. Ni na zaci daɗi za ki ji. Shekara biyu kina jan dabbar ga cikin rana, ni na kai ta kan a sha shayi. Kuma tekun da na rubuta shi na na gaskiya, na gane shi da idona ya hi a ƙirga."

"Wa ya tambaye ka na gaskiya? Nawa nika so in gani."

"To ai in munka yi aure sai in kai ki Kwatano ki gani."

"Ƙayoyin hwa? Da ka sa anka cire mata, ka kai ta ɗaki, shi ma wasa na?"

Ya sosa ƙeya yana murmushi. Inna ta zungure ni da ƙafa ta ƙarƙashin zane, na janye. Na ce a raina yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi.

"Hakim, ga Baba ga Gwaggo. Ka amsa mani ba da dariya ba. In munka yi aure, ina zuwa sibar ko ba ni zuwa?"

Ya buɗe baki, na ga "baiwata" ta taho, sai ya ga idona ya haɗiye ta. Ya juya ya dubi uwarsa. Gwaggo ce ta amsa, cikin sauƙi, kamar mai faɗin farashin gishiri.

"Wace irin tambaya ta wagga? Matar Hakim ta zamna cikin maza bayan tasha tana danne-danne? Ai tun bara munka gama wagga magana da shi. Shi ya ce a bar ki ki ɗan ƙarasa wasanki tukuna."

Tun bara. Wato lokacin da yake tambayata ƙa mai ƙugiya, ya riga ya san inda zai kai Bushiya. Na jira ya ce ba haka ba ne, ko da ƙarya ce. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin kamiyo, wushiryar ta ɓace.

Baba ya yi gyaran murya. Mutum ne da bai taɓa ɗaga min murya ba, kuma na san yadda yake ji da ƙanwarsa, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ya dube ni da taushi, abin da ya fi zagi wuyar ɗauka.

"Ummusalma, taubashinki ya yi kamu, ya kuma hwaɗi hwansa. Mu nan ke muka saurare."

Na san abin da ake so: in rufe fuska da gyale in ce duk ranar da Baba ya ga dama, a yi guɗa, a raba goro. Ina son mutumin nan, har a lokacin ina son sa, kuma wannan ya ƙara min haushi. Na gyara zama na dubi Baba.

"Baba, ka gahwarce ni. Ya riƙe bushiyar. Ba ni hwansa."

"Ummu!" in ji Inna.

Baba bai dube ta ba. Ya ce, "Kin san abin da kinka hwaɗi?"

"Na sani, Baba."

Hakim ya ɗago yana kallona kamar yau ya fara ganina. Gwaggo A'i ta dubi yayanta. Sai ta miƙa hannu ta jawo ƙwaryar goron gabanta, ta ɗauki faifan ta rufe.